Masu kururuwa kan zanen Japan, ku fara sanin abin da kuke zagi

 

Kwanan nan saƙonnin murya sun cika wayoyi. Mutum zai samo hoton zane, samari biyu cikin rigunan balo sun rungumi juna, ya ɗora a gurup na WhatsApp, ya bi shi da minti bakwai na kururuwa. Wai duk desan anime na Japan makirci ne, wai an ƙera su don a lalata ɗiyan Musulmi, wai kowane uba ya karɓe wayar ɗansa ya fasa. A ƙarshe ya ce a tura wa mutum goma don Allah. Kuma ana turawa. In ka bincika, wanda ya fi kowa ɗaga murya bai taɓa buɗe ko shafi guda na littattafan ba, ko sunan ɗaya daga cikinsu bai iya faɗi.

Mu dai ba mu tare da wagga hayaniya. Abin da ke cikin hoton akwai shi, ba ƙarya ba ne: a Japan ana buga littattafan zane na soyayya tsakanin samari ƴan lise, kuma da yawa daga cikinsu ƴan wasa ne masu karawa da juna a fili. Matsayin addininmu da al'adarmu a kan irin wannan soyayya kowa ya san shi, ba shi munka zo sake tattaunawa ba. Abin da muke faɗa da shi shi ne ragwancin da ya sa babba ya gwammace ya yi ihu da ya zauna ya koyi abu na minti talatin. Ihun nan bai kare yaro ko ɗaya ba, kuma ya fara yi mana ɓarnar da zanen kansa bai yi ba.

Mu fara daga tushe. Littafin zane na Japan sunansa manga. Ana karanta shi daga dama zuwa hagu, kamar yadda almajiri ke karanta allonsa. Galibi baƙi da fari ne, yana fitowa kashi-kashi cikin mujallu masu kauri, kowace mujalla da mutanen da anka yi ta dominsu. Akwai shonen na yara maza, akwai shojo na ƴan mata, akwai seinen na manyan maza, akwai josei na manyan mata. A can, dattijo mai furfura yana karanta manga cikin jirgin ƙasa ba wanda zai dube shi. Mu ne nan munka ɗauka duk abin da anka zana na yara ne, daga nan kuskuren iyaye ya faro.

Babbar mujallar yara maza ita ce Weekly Shonen Jump, ta kamfanin Shueisha, wadda ta fara fita a 1968. A tsakiyar shekarun 1990 tana sayar da kwafi sama da miliyan 6 kowane mako. Abubuwa uku anka san labaranta da su: abota, ƙoƙari, nasara. Cikinta ne a 1981 wani saurayi mai suna Yoichi Takahashi, wanda kofin duniya na 1978 a Ajantina ya burge, ya fara zana Captain Tsubasa. Kun san shi sarai. Shi ne Olive et Tom da da yawa cikinmu sunka kalla a tele, wanda Larabawa ke kira Kaftin Majid. Yaron da ke gudu da balo har kashi biyu bai kai bakin raga ba.

Ku tuna Mark Landers, mai naɗe hannun riga, wanda a asalin littafin sunansa Kojiro Hyuga. Maraya ne, ubansa ya rasu, yana raba jarida don ya taimaki uwarsa da ƙannensa, ba shi da wani buri sai ya kada Olivier. Wace lalata ke cikin wanga labari? Shi Olivier ɗin ma, daga baya a littafin, ya auri yarinyar da ke goya masa baya tun suna lakwal. Lokacin da anka fara zana shi Japan ba ta da gasar ƙwararru ta balo. Gasar ta zo a 1993, sunka je kofin duniya karon farko a 1998 a Faransa, a 2022 kuma a Katar sunka doke Jamus da Spain, kowace 2 da 1. Fernando Torres na Spain da bakinsa ya ce wannan zanen na cikin abin da ya sa shi son balo. Wannan shi ne abin da masu saƙon murya ke cewa a ƙone.

Bayan shi wasu sun biyo. Slam Dunk na Takehiko Inoue, daga 1990 zuwa 1996, labarin ƙwallon kwando ne, inda Sakuragi da Rukawa ke ƙungiya ɗaya amma ko gaisuwa ba su yi sai da harara. Haikyu na Haruichi Furudate, daga 2012 zuwa 2020, na ƙwallon raga ne: gajeren yaro Hinata ya yi rantsuwa sai ya rama kashin da Kageyama ya ba shi a kwaleji, sai ga su sun faɗa lise ɗaya, dole su yi wasa tare. Duka waɗannan ba soyayya tsakanin samarin a cikinsu. Akwai gumi, akwai hawaye, akwai wanda ya faɗi ya tashi.

To ina hoton rungumar ya fito? Daga wani gida ne daban, kuma tarihinsa a rubuce yake. A shekarun 1970 wasu mata masu zanen shojo, irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya, sunka fara rubuta labaran soyayya tsakanin samari, suna yi don ƴan mata masu karatu. A 1978 mujallar June ta fito musamman don irin wannan. A gefe guda kuma, a watan Disamba na 1975, an buɗe wata kasuwa a Tokyo mai suna Comiket, inda masu sha'awar zane ke kawo ƴan littattafan da sunka zana da kansu su sayar. Mutum ɗari bakwai ko kusa da haka sunka zo ranar farko. Kafin korona, sau biyu a shekara ake yin ta, kuma kowane karo mutane sama da dubu 500 ke shiga.

A wagga kasuwa ne, a tsakiyar shekarun 1980, ƴan mata masu son Captain Tsubasa sunka ɗauki Hyuga da mai tsaron gidansu Wakashimazu, wanda kunka sani da Ed Warner, sunka riƙa zana musu labarin soyayya da mai littafin bai taɓa rubutawa ba. Abin ya bazu kamar wutar daji. Ɗaya daga cikinsu, Minami Ozaki, daga nan ta taso har ta yi nata littafin, Zetsuai 1989, wanda ɗaya daga cikin taurarinsa ɗan balo ne. Sunan da sunka raɗa wa harkar, yaoi, shi kansa ba'a ne: taƙaita wata magana ce mai nufin labarin da ba shi da ƙololuwa, ba shi da ƙarshe, ba shi da ma'ana. A shekarun 1990 kamfanoni sunka ga kuɗi a ciki, sunka sa masa sunan kasuwa da ake taƙaitawa BL. Haruffa biyun nan ku riƙe su, za mu komo kansu.

Me ya sa ƴan wasa masu hamayya sunka fi shiga hannunsu? Ku dubi yadda ake gina labarin wasa. Abokin karawa shi ne wanda tauraro ke tunawa in ya farka da asuba, saboda shi yake gudu cikin sanyi, shi kaɗai yake so ya yarda da ƙarfinsa. Mata kuwa kaɗan ne a labarin, su ma a gefe suke. Mai karatu da ke neman soyayya sai ta ɗauki wannan zafin hamayya ta juya shi yadda ranta ke so. Masu nazarin abin a Japan sun daɗe suna cewa matan na neman labarin mutum biyu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, ba wanda aka ce ya koma kicin, abin da ba su cika samu ba a labaran soyayya na zamaninsu. Har yau galibin masu zana BL mata ne, galibin masu saye mata ne: ɗalibai, ma'aikatan ofis, matan aure. Sun ma yi wa kansu laƙabi na ba'a, fujoshi, wato ruɓaɓɓun mata.

Kun ga ke nan maganar makirci ba ta da ƙafar tsayawa. Ba wata gwamnati da ta zauna ta ce a aika wa Maradi. Dokar ƙasar Japan ma ba ta amince da auren jinsi ba. Kai, a 1992 wani ɗan gwagwarmayar masu neman maza a can, Masaki Sato, shi ne ya fito ya caccaki yaoi, ya ce mafarkin mata ne da bai da alaƙa da rayuwar mutane irinsa, anka yi shekaru ana musu a kai. Kasuwa ce ta cikin gida, mutanen wata ƙasa sunka yi wa kansu saboda dalilansu. Intanet ce ta kwaso ta ta zube mana a tsakar gida, kamar yadda ta kwaso komi.

Ku yi tunanin wannan. A ce bayan an gama karawar ƙarshe ta takobi, wanda ya kada da wanda anka kada sun rungumi juna kamar yadda ƴan kokowarmu ke yi, wani ya ɗauki hoton ya je ya ƙaga nasa labarin banza a kai. Za mu rufe filin kokowa? Za mu ce kokowar da ake yi wa gasar ƙasa tun 1975 makirci ce? Ai wanda ya ƙaga labarin za mu nema. To haka Olive et Tom yake da hoton da ake yawo da shi.

Amma kada wani ya ji wannan ya ce to shi ke nan, zane ne kawai, a bar yaro ya kalla. Masu wagga magana su ma ragwaye ne. Cikin BL akwai wanda bai wuce kallon-kallo da riƙe hannu ba, akwai kuma batsa tsagwaronta, har da labaran tilastawa da ake yi wa ado kamar soyayya, kuma waɗanda anka zana yara ne cikin kayan makaranta. Su Japanawan da kansu ba su miƙa wa yaro irin wannan. Littafin manya yana da tambari a bangonsa, ana naɗe shi, ana ware masa kanta. Hukumar birnin Tokyo tana da dokar da ta ƙara tsaurarawa a 2010, tana fitar da jerin littattafan da ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma littattafan BL sun sha faɗawa cikin jerin.

Mu nan ba kanta, ba tambari, ba mai shago da zai dubi fuskar yaro ya ce kai tafi gida. Abin da ke akwai shi ne shafukan sata da ke ɗora fassarar Faransanci kyauta, inda labarin balo na ɗan shekara goma ke jere kusa da na manya, tallar caca da ta batsa na tsalle a gefe. Akwai TikTok, wanda in yaro ya kalli bidiyon Haikyu guda uku zai fara turo masa haɗe-haɗen da magoya baya sunka yi. Yaro bai nema ba, abin ne ya same shi. Wa ya sayo wayar? Wa ke ba da kuɗin forfe na dare? Wa ya yi barci ya bar ɗan shekara goma sha biyu da waya ƙarƙashin bargo har ƙarfe biyu? Ba Bajapane ba ne. Mai kaya shi ke ɗaure kayansa.

Kuma tunda mata anka yi wa abin, mai kururuwa ma wayar da bai kamata ba yake fasawa. Ya tsare ɗa namiji da tambayoyi saboda ya ga hoton Mark Landers a fuskar wayarsa, ita kuwa ɗiya tana ɗaki shiru ana cewa ai karatu take. Ba muna cewa a koma kan ƴan mata da bulala ba, Allah ya kiyaye. Muna nuna muku ne yadda rashin sani ke sa mutum ya yi ta harbi cikin duhu.

Yanzu ga ɓarnar da ta fi damunmu. Mu mutane ne masu abota. Samarinmu suna tafiya hannu cikin hannu a bakin titi tun kaka da kakanni, suna cin tuwo akushi ɗaya, suna kwana ɗakin samari su biyar su shida. Mutum na da amini wanda ya san asirinsa fiye da ɗan uwansa na ciki ɗaya, shi ne babban abokinsa ranar aure, shi ne zai tsaya kan iyalinsa in ya yi tafiya Libiya ko Abijan. Ba wanda ya taɓa kallon wannan da wata fassara. Tunda anka fara yawo da hotunan nan ana ihu, an koya wa mutane wani sabon ido. A fada, in yara biyu sun shaƙu sai a fara jifansu da habaici. Uwa ta fara tambayar me ya sa wane kullum yana gidanmu. Yaro ya fara janye hannunsa daga na abokinsa don kada a ce.

Wannan idon ba daga littafin ya shigo unguwa ba, don mafi yawan masu habaicin ba su taɓa ganin littafin ba. Daga saƙon murya ya shigo. Kuma duk wanda ya girma a garuruwanmu ya san abin da kalma guda irin wannan ke yi in ta manne wa yaro. Tana iya raba shi da lakwal, tana iya jawo masa duka a lungu, tana bin sa har ranar da za a je nema masa aure. Magana zarar bunu ce. Malamanmu sun karantar da mu girman zunubin ƙazafi, Bahaushe kuma ya ce zato zunubi. Wanda ya ce yana kare tarbiyya, ya kuma jefa ɗan maƙwabcinsa cikin zargi saboda riƙe hannu, wace tarbiyya ya kare?

Abin yi bai da wuya, sai dai yana son zama. Uba ko uwa, ko yaya in iyaye ba su yi boko ba, a zauna da yaro a ce mene ne sunan abin da kake kallo. A rubuta sunan a Google, cikin minti biyu za a ga ko shonen ne ko seinen. A duba kalmomin da ke ƙarƙashin hoton littafin: in an ga BL, ko Yaoi, ko Shonen-ai, ko +18, an san inda anka dosa. A wayoyin Android akwai Family Link na Google, kyauta ne, yana bari babba ya taƙaita abin da yaro ke saukewa da awowin da waya ke aiki. Waya ta kwana ɗakin iyaye. In an samu yaro ko yarinya da abin da bai dace ba, a yi magana a rufe ƙofa, ba a tara unguwa ba. Wanda anka fasa wa waya gobe zai ari ta abokinsa, kuma ya koyi darasi guda: kada ya sake bari babba ya ga abin da yake kallo.

Sannan mu tambayi kanmu me yaranmu ke nema cikin labaran nan tun farko. A Japan kusan kowace kwaleji da lise tana da ƙungiyoyin wasa na bayan tashi, suna kiran su bukatsu, yaro zai yi shekara uku yana atisaye da abokansa kusan kullum. Gasar besbol ta ƴan lise, wadda ta faro tun 1915, ana yin ta kowane watan Agusta a filin Koshien kusa da Osaka. Makarantu 49 ke zuwa, kowace ta fito daga yankinta, tashar ƙasa NHK na nuna wasannin kai tsaye. Wanda anka kada sau ɗaya ya tafi gida, kuma yaran da sunka faɗi sukan durƙusa suna kuka suna ɗibar ƙasar filin cikin ƴar jaka su tafi da ita. Daga wannan rayuwa masu zane ke ɗibar labari, shi ya sa yake kama zuciya.

Mu fa? Lakwal nawa ne a unguwarku ke da filin da ba a yanka an yi shaguna ba? Awar EPS wasa ake yi ko mushe na zaune inuwa yara na yawo? Yaushe rabon da iyaye su cika fili don kallon lise biyu na gari suna karawa? Yaron da ba shi da abokin karawa na gaske, ba shi da kocin da zai ce masa ka ƙara ƙoƙari, a waya zai nemi wannan daɗin, kuma wayar ba ta tace abin da take ba shi. Kuɗin forfe da ƴan gurup ɗaya ke ƙonewa wajen tura saƙon tsoro cikin wata guda sun isa sayen balo da raga na ƙungiyar unguwa.

Saboda haka ga roƙonmu ga masu saƙon murya. Kafin ka danna ka fara, faɗa mana sunan littafin, wa ya zana shi, don wa anka yi shi. In ba ka sani ba, rufe baki ka je ka tambayi ɗanka, ya fi ka sani. Ku kuma da ake turo wa, in an ce ku tura wa mutum goma, ku tsaya ku duba wayar da ke cikin gidanku tukuna. Kuma don Allah a bar samarinmu su riƙe hannun abokansu.

Wanda ke da ja, filin sharhi a buɗe yake, amma ya zo da hujja. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin zama da su.